Yaro ɗan shekara 9 yana buga ƙwallo, yana kuma kwana kallon wasa: yaya za a daidaita?

Baban Yara Uku:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu horar da yara da ma'aikatan lafiya. Yaro ne ɗan shekara 9, yana zuwa atisaye sau huɗu a mako, kowanne awa biyu, ranar Asabar kuma a buga wasa. Kwanan nan sai ya riƙa ɗingishi bayan atisaye, yana cewa diddigensa na ciwo. Ga shi duk gidan ƙungiya ɗaya muke goya wa baya, daren Talata ko Laraba idan za ta buga Gasar Zakarun Turai ba ya yarda ya kwanta sai an tashi daga wasa, da safe kuma sai an yi da gaske kafin ya shirya makaranta. Atisayen ne ya yi yawa? Wace irin ƙwallo da wane takalmi suka dace da shi? Kallon daren kuma fa?

Kocin Yara:

Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da lissafi. Awa biyu sau huɗu takwas ke nan, ka haɗa da wasan Asabar da ɗumama jiki, an kai tara ko goma. Ma'aunin da likitocin wasanni ke bayarwa shi ne kada awannin atisaye da gasa a mako su wuce yawan shekarun yaro, kuma ya samu kwana ɗaya ko biyu na cikakken hutu. To yaronka yana bakin iyaka, wannan ma ba a saka ƙwallon da yake bugawa da abokai a tsakar gida ko a makaranta ba. Mayar da shi sau biyu ko uku a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da kwata. Ɗan shekara 9 hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya na awa biyu, rabin lokacin gajiya kawai yake kwasa.

Ƙwallo kuwa lamba 4 ce tasa, daga kusan shekara 8 zuwa 12 ko 13. Nauyinta giram 350 zuwa 390. Lamba 5 ta manya ce, giram 410 zuwa 450. Bambancin kamar ba yawa, amma ƙafar yaro tana jinsa: sai ya koma dukan ƙwallo da tsinin yatsa don ta yi nisa, ya kasa koyon bugu da cikin ƙafa. Kada kuma a cika mata iska ta zama kamar dutse. Danna ta da manyan yatsu biyu, ta ɗan lotsa kaɗan.

Takalmi shi ne inda iyaye suka fi yin kuskure. Mai dogayen haƙora na filin ciyawa ne, inda haƙoran za su nutse. A busasshiyar ƙasa mai tauri ba sa nutsewa, sai duk nauyin yaro ya taru a kan 'yan wurare ƙalilan a tafin ƙafa, biyu daga ciki a ƙarƙashin diddige. A irin wannan fili a saya masa mai ƙananan haƙoran roba masu yawa. Ya gwada shi sanye da safar ƙwallo, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, kada ya wuce haka. Sayen babba wai don ya girma a ciki shi ke kawo bororo da gurɗewar idon sawu. Kariyar ƙwauri dole ce a dokar wasa, ya riƙa saka ta har a atisaye.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma ya fi duka muhimmanci: kada a sa shi atisayen buga ƙwallo da ka. Hukumar ƙwallon Amurka ta haramta shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015, ta Ingila ma ta fara cire shi daga wasannin ƙananan yara a kakar 2024/25.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Baban yara, ciwon diddigen nan kada a ce ƙuruciya ce a ƙyale. Tsakanin shekara 8 zuwa 14 ƙashin diddige bai gama haɗewa ba, akwai wani sashe mai laushi a bayansa inda yake girma, kuma a nan babbar jijiyar agara take manne. Ƙashi kan riga jijiya tsawo, jijiyar sai ta ɗaure, kowane gudu da tsalle ta ja wurin nan mai laushi har ya yi tsami. Likitoci na kiransa ciwon Sever. Alamarsa: ka kama diddigen ta gefe da gefe ka matsa a hankali, yaro ya janye ƙafa. Yakan fi tsanani bayan wasa, ya lafa in an huta.

A dakatar da gudu da tsalle har sai ya iya tafiya ba ɗingishi, sannan ya koma a hankali, rabin lokaci tukuna. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15, kada a ɗora ta kai tsaye a fata. Kullum ya miƙe jijiyar: ya dafa bango, ƙafa ɗaya a baya, diddige a ƙasa, sakan 30 sau uku kowace ƙafa. Ɗan matashin roba na diddige a cikin takalmi yana taimakawa. Don Allah kada a ba shi maganin kashe zafi don ya iya buga wasa, zafin shi ne ke gaya muku a tsaya. Idan akwai kumburi, ko ja, ko zazzaɓi, ko ciwon na tashinsa daga barci, ko ya kasa taka ƙafar, wannan ba na jira ba ne, a kai shi asibiti.

Idan kuma wata rana ya bugu a kai ya ce yana jin jiri, ko ciwon kai, ko ya rikice, ya gama wasa ke nan a ranar, ko da ya rantse ya warke.

Malamar Firamare:

Ni kan kallon dare zan yi magana, kuma ku yi haƙuri, a nan gyaran na manya ne. Yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Manyan wasannin Zakarun Turai ana take su ƙarfe 9 na dare agogon tsakiyar Turai, minti 90 da hutun 15 da ƙarin lokaci, kusan awa biyu ke nan. Bayan an tashi ma jikinsa bai sauka ba, musamman in an sha kashi. Yaron da zai tashi ƙarfe 6 ya kamata a ce 9 ta same shi a gado.

A yi doka tun farkon kaka, ba a daren wasa ba lokacin da rai ya riga ya kwaɗaitu. Wasannin Firimiya na ƙarshen mako da ake yi da rana, a zauna a kalla tare. Na tsakiyar mako ya kalli taƙaitaccen bidiyon washegari bayan ya gama aikin gida. A ware masa darare biyu ko uku a kaka, irin su wasan ƙarshe, wanda dama ranar Asabar ake yi. Sannan a sa ido kan tallar caca da ke cika allo da rigunan 'yan wasa. Kada a yi caca a kan wasa a gabansa, ko da wasa ne.

Kocin Yara:

Malama ta yi gaskiya, sai dai zan ƙara cewa kallon da aka yi da rana makaranta ce in an iya. Ku zaɓi ɗan wasa ɗaya mai buga gurbin yaron, ya bi shi da ido minti goma, ya ga abin da yake yi lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa, yadda yake waiwaye kafin a ba shi. Kuma Malam, ka kula da bakinka in ƙungiyarku na shan kashi. Yaron da ya ji babansa na zagin ɗan wasan da ya ɓarar da fanareti, ranar da aka ba shi tasa zai ce wani ya buga.

Baban Yara Uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: wasan Asabar mai zuwa ya buga ko ya zauna?

Ma'aikaciyar Lafiya:

Ya zauna. Ya je ya tsaya bakin fili ya ƙarfafa wa abokansa gwiwa. Ranar da ya iya tsalle da ƙafar nan ɗaya sau goma bai yamutsa fuska ba, a mayar da shi atisaye.