Bulala Ko Murfin Kwalba: Muhawara Kan Yaron Da Ya Gagari Aji

Malamar Aji Uku: Salamu alaikum. Zan faɗi magana, na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Yaron da ya fi kowa shan bulala a makaranta shi ne wanda bulala ba ta gyarawa. Kowa ya duba ajinsa: huɗu ko biyar ɗin da aka zane yau, su aka zane jiya, su aka zane zangon bara. Da magani ce, ai da tuni sun warke.

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. 'Yata, shekara talatin da biyu na yi ina riƙe da alli. Kina ƙirga biyar ɗin da ba su gyaru ba, kin manta tamanin ɗin da suka nutsu don sun ga abin da ya sami biyar ɗin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamar Aji Uku: Baba, ke nan mun mai da yara biyar abin tsorata sauran, su kuma ko oho. Bari in ba ku labarin ɗaya daga cikinsu. Ɗan shekara tara ne, kullum sai ya tsokani wani: ya mintsini na kusa da shi, ya jefa takalmin wani ta taga. An zane shi, an sa shi kamun kunne, an kira mahaifinsa sau biyu. Sai na ware shafi a bayan littafin tsara darasina, na ja layi uku: me ake yi kafin ya fara, me ya yi, me ya biyo baya. Mako biyu ina rubutawa. Lokacin lissafi shiru. Lokacin tara, lafiya lau yake wasa. Amma da an ce a buɗe littafin karatu, layi ya kusa zuwa kansa, nan take zai tayar da rigima. Ni kuma me nake yi? In kore shi waje. Ashe abin da yake nema ke nan. Bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma gara masa bulala uku da dariyar yara tamanin. Ni da hannuna nake biyansa ladan rashin jin.

Uwar 'Yan Biyu: Ikon Allah. To ya kika yi da shi?

Malamar Aji Uku: Murfin kwalbar lemo na ba shi, ja. Muka yi yarjejeniya a asirce: in ya ɗora shi a kan benci, zan tsallake shi, amma bayan an tashi zai tsaya mu yi karatu na minti goma. Na kuma ba shi aikin raba littattafai. Makon farko abin ƙaruwa ma ya yi, kamar yana gwada ko da gaske nake. Na daure ban kore shi ba. A mako na uku ya fara ɗora murfin.

Ɗalibin Ilimi: Malama, abin da kika yi yana da asali a bincike. A 1985 wasu masana a Amurka, Edward Carr da Mark Durand, sun nuna cewa yara masu naƙasa da ke duka ko ihu sukan rage idan aka koya musu wata hanyar neman abin da suke nema, kamar su ce aikin ya yi musu wuya. Masu wannan fanni sun ce mugun hali yakan samo wa yaro ɗaya daga abu huɗu: a kula shi, ya tsere wa abin da ba ya so, ya sami wani abu a hannu, ko jikinsa ya ji daɗin abin. A 1997 dokar ilimin yara masu naƙasa ta Amurka ta shigar da wannan hanya, malaman Jami'ar Oregon irin su Rob Horner da George Sugai kuma suka faɗaɗa ta ta game makaranta gaba ɗaya, tsarin da ake kira PBIS.

Tsohon Hedimasta: Yaro, ajin Amurka yara nawa ne? Ashirin da 'yan kai, ga mataimakiya, ga masanin halayya a ofis. Malamarmu tana da tamanin da biyar, rabi a ƙasa suke zaune, albashi sai an yi rabin wata. Ka ce ta buɗe wa kowa shafi?

Ɗalibin Ilimi: Gaskiyarka Baba, kayan aiki ba ɗaya ba ne. Sai dai su ma ba kowa suke buɗe wa shafi ba. Lissafinsu shi ne kusan 80 cikin 100 dokoki uku ko huɗu da aka koyar a fili sun ishe su, wajen 15 na bukatar ƙarin sa ido, 5 ne ke bukatar irin abin da Malama ta yi.

Uwar 'Yan Biyu: Ni ga inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Hassanata ba ta taɓa tsokanar kowa ba, ba wanda ya taɓa ba ta minti goma ita kaɗai. Fitinanne shi ya sami murfi, ya sami muƙamin raba littafi. Me muke koya wa masu hankali? Cewa sai ka yi ɓarna a san da kai?

Malamar Aji Uku: Yaya, wannan ta same ni. Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Malama, ni ma in na yi faɗa za ki ba ni aikin?" Kunya ta kama ni. Tun ranar nake kiran sunan yara uku masu nutsuwa kullum in faɗi takamaiman abin da suka yi. Ban ce na daidaita ba.

Malamin Islamiyya: Na ga an yi shiru kan addini, kowa na jiran wani ya fara. Hadisin Abu Dawud na nan: a umarci yara da salla suna shekara bakwai, a doke su a kanta suna goma. Ba zan ce babu duka a tarbiyya ba. Amma mu ƙirga: shekara uku cur ana umarni, sau biyar a rana, kafin a ɗaga hannu. Wanenmu ke yin haƙurin mako uku? Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Ibn Khaldun, masanin tarihin nan, ma ya rubuta cewa tsanani na koya wa ɗalibi ƙarya da munafunci, ya kawo maganar malaman Malikiyya cewa kada malami ya wuce bulala uku. Abin da nake gani da dorina a wasu wurare bai yi kama da wannan ba.

Ɗan Zongo Daga Kumasi: Mu nan hukumar ilimi ta Ghana ta hana sanda a makarantu, a 2019 ta ce a koma wasu hanyoyin horo da ta tsara. Abin da malamai abokaina ke kuka da shi: an karɓe sanda, ba a zauna an koya musu abin da za su riƙe a madadinta ba. Wasu sun naɗe hannu kawai, yaro ya yi abin da ya ga dama. Wannan sakaci ne, ba shi Malama ke faɗa ba.

Tsohon Hedimasta: Yauwa. Kuma ku bar ganin ɗan shekara tara. Ɗan sha shida da ya fara shaye-shaye, ya shigo da wuƙa a aljihu, murfin kwalba za a ba shi?

Malamar Aji Uku: A'a Baba, wannan sai an fara kare sauran yara, a haɗa da iyaye da asibiti. Ya fi ƙarfina. Amma mun san inda hanyar duka zalla ke kai irinsu. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawa iyayensu ne suka kai su da kansu. Ɗan sha shidan nan ya taɓa zama ɗan tara a ajin wata.

Tsohon Hedimasta: Ban sauka daga maganata ba. Yaron naki fa, ya daina?

Malamar Aji Uku: Ranar Alhamis ma ya mari wani a layin famfo, na sa shi ya ba da haƙuri ya kuma ɗebo wa yaron ruwa. A aji dai ya yi sauƙi sosai. Matsalata yanzu daban ce: asirin ya tonu, jiya na shiga na tarar da jajayen murafe goma sha ɗaya a kan benci. Na ɗauka iskanci ne, na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Bakwai daga ciki da gaske ba su iya karatun ba.

Uwar 'Yan Biyu: Malama, don Allah duba mini ko Usainata na cikin bakwai ɗin.