Sunayen kamfanoni masu ba 'yan Foland dariya: abin da aka tattauna

To jama'a, an tattauna kan sunayen kamfanoni da kalmomin ƙasashen waje da ke da wata ma'ana daban a yaren Foland, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda Osram mai kwan fitila ne kan gaba, sunan daga ƙarafa biyu, osmium da wolfram, aka haɗa shi, amma a yaren Foland kamar mutum ya ce zai yi kashi a kan abu ne.

2. Sai Pupa, kayan kwalliyar Italiya. Can 'yar tsana ne, a Foland kuma ɗuwawu, abin dariya wallahi.

3. A ƙasar Cek gidan burodi kan rubuta čerstvé, wato sabo, ɗan Foland kuwa ya karanta ya ɗauka burodin ya kwana ya bushe.

4. Shawarar mafi yawa: kafin ka buga allon shago, tambayi mai yaren.

An rabu kan canza suna. Wasu sun ce a canza, wasu suka ce ai Osram bai canza ba kuma ana saye.