Neman shawara: ina son ƙara faya-fayai a gangata ta lantarki har in samu kalangu

Mai tambaya, makaɗi daga Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa da masu sitidiyo. Ina da gangar lantarki Alesis Nitro Mesh, ta hannu na saya, kuma yadda ta fito daga kamfani haka take har yau: tom uku, siniya ɗaya, simbal uku har da hai-hat, sai ta ƙafa. Da ita nake bin wani mawaƙi wuraren biki, mu uku ne da mai fiyano.

Abin da ke damuna shi ne duk waƙar da ke son kalangu, mai fiyano ne ke sakin kiɗan daga cikin fiyanonsa, ni kuwa in koma ɗan rakiya ina taɓa hai-hat. So nake kiɗan ya dawo hannuna. Ina son in ƙara tom na huɗu, simbal ɗaya, ƙararrawa, da faifai uku na kalangu (faifai shi ne abin da ake bugawa da sanda a gangar lantarki). Shida ke nan. A bayan modul ɗin kuma, wato akwatin da ke fitar da sautin gangar, ramuka biyu kawai na gani babu komai a ciki, an rubuta Tom 4 da Crash 2, sauran duk a cikin babbar wayar nan mai baki ɗaya suke.

Na sayo waya mai reshe biyu, na ari faifai wajen abokina, na raba wayar tom na uku. Duka biyun sun yi ƙara, amma sauti iri ɗaya suke bayarwa, ƙarfin ma ya ragu. Shin modul ɗin ne ba ya ɗaukar ƙari, ko wayar ce? Kuma kalangun ta ina zan shigo da shi? Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Wani mai Roland, daga Abuja:

Wa alaikumus salam. Oga kar ka wahalar da kanka. Nitro gangar koyo ce. Ka sayar ka cika kuɗi ka ɗauki gangar Roland TD-17, magana ta ƙare.

Mai gyaran amfilifaya, Sabon Gari, Kano:

Yallaɓai na Abuja, mutum ya zo da ciwon waya ka aike shi sayen sabuwar ganga? TD-17 ɗin ma ramukan ƙari biyu gare shi, Crash 2 da AUX. Ko ya saya, gobe zai dawo nan da wannan tambayar.

Malam mai tambaya, wayar ce. Wadda ka sayo irin ta raba hedfon ce, wadda mutum biyu ke jin waƙa ɗaya da ita. Aikinta ta kwafi abu ɗaya ta kai baki biyu, shi ya sa faya-fayanka biyu suka zama faifai ɗaya a wajen modul.

Ciro jak ɗin wayar tom ka duba kansa da kyau. In ka ga baƙin zobe ɗaya, hanya ɗaya ce a ciki, babu abin rabawa. In ka ga zobe biyu, ƙarfen ya kasu uku ke nan: tsini, tsakiya, da gindi. Tsinin shi ke ɗauko bugun tsakiyar faifai, na tsakiyan yana ɗauko bugun baki, gindin kuwa na kowa ne. To modul ɗin Nitro ya san bugun baki a kowane tom, yana da sautin da ya ware masa, amma tom ɗin da ke zuwa da Nitro Mesh fiyezo ɗaya ne a cikinsu, ɗan abin nan da ke jin bugu. Wato akwai hanya guda a kowane tom da take zaune ba aikin fari. Ita za ka ci.

Wayar da za ka nema ita ce wadda ke kai tsini reshe ɗaya, ta kai tsakiya ɗaya reshen. Masu kayan sauti sun san ta, irinta ake sawa a ramin insat na mikisa, galibi reshe ɗaya ja ɗaya baƙi ko fari. Girman jak milimita 6.35. Kula da wane ɓangare ne namiji wane ne mace, domin wayar tom da ke fitowa daga babbar waya namiji ce, mace za ta shiga. A ramin Tom 4 kuwa namiji za ka cusa kai tsaye. In ba ka samu ba, duk mai riƙe da ƙarfen dalma zai haɗa maka, jak uku ne da 'yar waya. Kafin ka biya ka sa a gwada da mita a gabanka: tsini ya yi ƙara da reshe ɗaya kaɗai.

In ka haɗa, buga sabon faifan, ka shiga Voice ka zaɓa masa ƙararrawa ko abin da kake so, ka ajiye a ɗaya daga kit (jerin sautukan ganga) na 25 zuwa 40, su ne naka. A lissafi, tom huɗu za su ba ka hanya huɗu, ga Tom 4 da Crash 2 kansu. Shidanka sun cika.

Mai Roland:

Na karɓi gyara a kan ramuka. Amma Injiniya ka faɗa masa gaskiya ɗaya: TD-17 yana karɓar sautinka na kanka ta katin memori, Nitro ba ya yi. Kuma wanda ke da Roland kar ya kwafi wannan dabarar kai tsaye, wayar raba tom ta Roland sai an sa mata resista a ciki, in ba haka ba baki da tsakiya za su riƙa rikicewa. Sannan in wata rana ka sauya modul, kar ka cusa babbar wayar Alesis a Roland don ka ga bakinsu iri ɗaya mai fil 25. Haɗin cikinsu ya bambanta.

Makaɗin coci, daga Jos:

Ɗan'uwa, abin da Injiniya ya faɗa haka yake, mu ma da shi muka ƙara namu a coci. Sai dai shidan nan na takarda ne, a hannu ba ya cika daɗi haka.

Faifai biyun da suka raba rami ɗaya, in ka sauke musu sanda lokaci guda, sau da yawa ɗaya ne zai fito, modul ya haɗiye ɗayan. Don haka kar ka haɗa abubuwan da kake bugawa tare. Ni ƙararrawata tana kan ramin tom na ɗaya, saboda babu waƙar da nake buga su a bugu guda. Wanda ya sa simbal a ramin babban tom zai sha haushi, tunda a ƙarshen juyi tare suke sauka.

Kar ka taɓa ramukan simbal da sunan rabawa. Hanya ta biyu a simbal makunni ce ba fiyezo ba, ita ke sa in ka kama bakinsa da hannu ya yi shiru. Ka raba ta, ba ka samu faifai ba, ka kuma rasa kamun. Haka nan simbal da ka sa a reshen tom zai yi ƙara amma ba zai kamu ba. Sabon simbal ɗinka ya tafi Crash 2 kawai. Siniya ma ka bar ta da bakinta.

Abin da ya fi cin raina ba waya ba ne, girgiza ce. Firam ɗin Nitro siriri ne, da ka loda masa kaya, ka bugi tom na biyu ƙararrawa ta amsa daga can gefe. Danna Utility, ka bugi faifan da ke amsawa ba a kira shi ba, ka ɗaga CRO (mai hana faifai amsa bugun maƙwabcinsa) kaɗan kaɗan, in bai daina ba ka ƙara THR (ƙarfin bugun da faifai ke fara amsawa) da ɗaya. Kar ka zuba da yawa, bugunka mai laushi zai ɓace. In sabon faifai ya fi sauran rauni, SEN za ka taɓa, wato saitin jin bugu, na reshen baki kuma R-S. Ka tuna ka danna Save, in ba haka ba ana ɗauke wuta aikin ya tafi. Abin da ya fi saiti magani shi ne ka yanka tsohon tiyub na babur ka naɗa a bututun kafin ka ɗaure maɗauri, mai nauyi kuma ka ba shi tsayuwarsa daban a ƙasa.

Kuma ka auna kaurin bututunka kafin ka sayi maɗauri. Manyan firam na Roland milimita 38 ne, na Nitro bai kai ba, maɗaurin can zai yi maka lako-lako.

Mai sitidiyo, Zoo Road, Kano:

Duk kun yi ta lissafin ramuka, ni kuwa ina ganin ba nan gizo ke saƙa ba. Mutumin nan kalangu yake nema. Ko faifai ashirin ya jera, sauti 385 ɗin da ke cikin Nitro su kaɗai zai samu, babu kalangun Hausa a ciki, kuma babu ƙofar da za a shigar masa da shi. Iyaka ya ɗauki konga ko bongo ya ja muryarsu sama, wanda duk matar da ta taɓa rawa a gidan biki za ta gane ba shi ba ne.

Hanya biyu na sani. Ta farko in kana da laftof: wayar USB daga modul zuwa kwamfuta, kowane faifai yana aika lambarsa ta MIDI, yaren da na'urorin kiɗa ke magana da shi, ta ƙafa 36, siniya 38, haka dai. Ka buɗe FPC, ɓangaren ganga na manhajar kiɗa ta FL Studio, ka ɗora sautin kalangu a kan lambar faifan da ka raba. Ba ka sayi komai ba sai waya. A sitidiyo wannan ya wadatar. Amma sai da direban sauti na ASIO da bafa ƙarami (ma'ajin da sauti ke ɗan tsayawa kafin ya fito), 128 misali, wanda jinkirinsa shi kaɗai bai kai milisakan 3 ba. Ka bar shi a 1024, hannunka zai riga kunnenka, ba za ka iya kiɗa ba. A filin biki kuwa, ga ƙura ga janareta ga yara na tsallake waya, ni ba zan kai laftof ɗina ba.

Ta biyu ita nake ba ka shawara: ƙaramar na'ura ta biyu mai karɓar katin memori. Roland TM-2 ramuka biyu gare shi, kowanne yana rabuwa, faifai huɗu ke nan, yana karanta WAV daga kati, yana kuma aiki da batir AA huɗu. Ko Alesis SamplePad Pro, shi da faya-fayansa takwas a jikinsa ya zo, ba sai ka sayi faifai ko maɗauri da yawa ba. Akwai ƙaraminsa mai huɗu. In ka yi haka, Nitro ya ɗauki tom na huɗu da simbal a ramukansa, ƙararrawa a reshe ɗaya, kalangu ya zauna a gidansa. Raba rami ɗaya kawai ka yi maimakon huɗu.

Dattijo, ɗan gidan makaɗa, daga Zariya:

Yaro, na karanta duka. Na waya da lamba ban san su ba, amma kalangu gadonmu ne, tun ana yi wa mahauta kiɗa a bakin kasuwa.

Kalangu ba bugu ba ne kawai, matsa ce. Sanda na sauka, hannu na matse igiyoyi, fata ta ɗaure murya ta hau, a saki ta sauko. Da haka yake kiran sunan mutum ya yi masa kirari. Faifanka na roba bai san matsa ba, abin da aka ɗauka shi zai maimaita. To in za ku ɗauka, kada ku ɗauki bugu ɗaya. Ku ɗauki sakakke, ku ɗauki matsattse, ku ɗauki na tsakani, sa'an nan wanda aka buga a sake aka matse yana cikin ƙara, da wanda aka buga a matse aka saki. Biyun ƙarshen nan su ne ke sa mai ji ya juyo. Kowanne a yi shi da ƙarfi a yi shi a hankali. Uku da ka ce sun yi kaɗan, ka nemi huɗu ko biyar.

Kuma wanda za ku ɗauki hannunsa ku sallame shi da kyau, ku gaya masa abin da za a yi da shi. In bikin babba ne ku tafi da shi kansa. Na'ura za ta riƙe muku tashi, amma ba za ta ga uwar amarya ta shigo fili ta kira ta ba.

Mai tambaya:

Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Akwai mai kalangu a unguwarmu, zan same shi. Injiniya na duba, zobe biyu ne a wayoyin tom duka. Oga na Zoo Road, in na samu TM-2 ko SamplePad ɗin, ta yaya sautinsa zai haɗu da na Nitro? Mikisarmu ƙarama ce, layi ɗaya ake ba ni.

Mai sitidiyo:

Da sauƙi. Fitar na'urar ta biyu ka kai ta ramin Aux In na Nitro, ƙaramin jak ne milimita 3.5, sai duka su fita tare ta wayarka ɗaya zuwa mikisa, ka kuma ji su a hedfon. Ƙarfin kalangun daga jikin na'urarsa za ka daidaita. Ba ka buƙatar wayar MIDI a nan. In wata rana an ba ka layi biyu ka raba su, mai mikisa ya samu damar ɗaga kalangu shi kaɗai. Sautukan a ajiye su WAV, 16-bit, 44.1, a yanke shirun da ke gaban kowane bugu tas, in ba haka ba za ka ɗauka na'urar ce ke jinkiri. Da maganar Baba ta murya biyar, ni mai takwas ɗin zan ɗauka.

Mai gyaran amfilifaya:

Ƙari ɗaya tunda na'ura za ta zama biyu. Kowace da adaftarta, ka liƙa musu suna da salatif. Volt 9 ɗin na iya zama ɗaya, baki ya shiga daidai, amma wata tsakiyarta fositif ce wata negatif, na Roland negatif ne a tsakiya. Duba ɗan zanen da ke kusa da ramin wutar kowace kafin ka cusa. Wayar rabawar kuma ka sa a haɗa maka biyu, ɗaya ta zauna a jaka.