Neman shawara kan gurnani a akwatin sauya mashigar sauti

Assalamu alaikum. Na haɗa ƙaramin akwatin ƙarfe domin zaɓar na'urar da za ta aika sauti zuwa amfilifayata mai aiki da bawul (kwalaben lantarki na gilashi masu ƙara ƙarfin sauti), na saka masa mashiga uku masu soket na RCA (zagayayyun soket ɗin nan na sauti, ja da fari) da makunni mai juyawa, wanda ke sauya wayoyin sigina na hagu da dama kaɗai, su kuwa wayoyin ƙasa (wato na ground) duk na tara su wuri guda.

Matsalar ita ce, muddin kwamfuta tana jone da akwatin, sai lasifika ta riƙa gurnani ƙasa-ƙasa, ko da wata mashigar na zaɓa, kuma da zarar na zare wayarta sai gurnanin ya ɗauke. Na sauya wayoyin ciki da masu rigar kariya, amma hakan bai rage komai ba, shi ya sa nake zargin zagayen ƙasa ne, wato wutar da ke zagayawa idan na'urori suka haɗu da ƙasa ta hanya fiye da ɗaya. Cire wayar ƙasa ta filogin amfilifaya kuwa ba zan yi ba, domin ɗaruruwan volt ne ke cikin amfilifayar.

Shin in nemi makunnin da zai riƙa sauya wayoyin ƙasa tare da sigina, ko taransifomar raba sauti (mai barin sauti ya wuce ba tare da wayoyin ƙasa sun haɗu ba) a mashigar kwamfutar ta fi dacewa?