Wa ke hukunta jirgin da ya karya yarjejeniyar kare kifin teku?

Ɗan Zangon Ashaiman ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Sana'ata sayar da kifi ce. Ina saro na ƙanƙara da na banda a Tema, ina rarraba wa masu tebur a Ashaiman, kuma na daɗe ina ganin yadda shawa da sauran ƙananan kifayen da talaka ke ci suke raguwa, girmansu kuma yana komawa kamar yatsa. A watan Yunin 2021 muka ji cewa Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa saboda kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, kuma karo na biyu ke nan, domin an taɓa ba ta a 2013 aka janye a 2015. A wannan shekarar ta 2021 gwamnati ta hana masu kwale-kwale shiga teku tsawon watan Yuli, wai don kifi ya samu ya hayayyafa.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Ana ce mana Gana ta sa hannu a yarjejeniyoyin duniya na kare kifi. To idan jirgi ya karya su, wane ne ke da ikon kama shi, kuma a gaban wace kotu ake kai shi? Sannan da wane hurumi Turai take yanke wa wata ƙasa hukunci a kan abin da ke faruwa a ruwanta? Ina roƙon masu sani su warware mini, domin a kasuwa kowa da tasa fassarar.

Malami mai karantar da doka ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Amsar a taƙaice ita ce teku ba shi da 'yan sandan duniya. Yarjejeniya ƙasashe take ɗaurewa, ba jirage ba, saboda haka duk wani kamu ko tara sai ya bi ta hannun wata gwamnati, kuma gwamnatocin da ke da hannu a kan jirgi guda sukan kai huɗu: mai ruwan, mai tutar, mai tashar da za a sauke kifin, da mai kasuwar da za a sayar da shi.

Tushen tsarin shi ne Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994. Ita ce ta ba kowace ƙasa mai gaɓar teku iko a kan kifin da ke cikin mil 200 na teku daga gaɓarta. A cikin wannan yanki sojojin ruwan Gana suna da ikon tsayar da jirgi, su hau, su duba komarsa da takardunsa, su ja shi zuwa Tema ko Takoradi, kotun Gana kuma ta yi shari'a da dokar Gana. Sai dai sashe na 73 ya sa iyaka a kan jirgin waje: da zarar an biya belin da ya dace dole a saki jirgin da ma'aikatansa, kuma ba a ɗaure su a kurkuku a kan laifin kamun kifi sai idan ƙasashen biyu sun amince da haka. Idan aka yi saɓani a kan belin, akwai Kotun Dokar Teku a birnin Hambug na Jamus, wadda shari'arta ta farko ma, a 1997, a kan wani jirgin mai ce da Gini ta kama bayan ya shayar da jiragen kamun kifi mai a ruwanta.

Bayan mil 200 kuwa, a tsakiyar teku, jirgi yana ƙarƙashin ƙasar da yake ɗauke da tutarta ne, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Yarjejeniyar 1995 a kan kifayen da ke ƙetare iyakoki ta ɗora aikin a kan hukumomin yanki, irin su ICCAT mai hedikwata a Madrid, wadda ke raba kason kifin tuna na Tekun Atlantika, Gana kuma mamba ce a cikinta. Waɗannan hukumomi suna yanka kaso, suna wallafa sunayen jiragen da suka yi laifi, amma ba su da jirgin sintiri ko kurkuku na kansu.

Da ƙasashe suka ga bin jirgi a teku yana cin mai da kuɗi, sai suka koma jiransa a bakin gaɓa. Yarjejeniyar matakan tashoshin jiragen ruwa ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 2009 ta fara aiki a watan Yunin 2016, ta wajabta wa jirgin waje ya sanar da zuwansa tun kafin ya iso, ya faɗi abin da ya ɗauko da inda ya kamo shi, kuma idan akwai hujjar sata ne sai a hana shi sauke kaya da shan mai. A ganina wannan ce ta fi dacewa da ƙarfin aljihun ƙasashenmu, domin albashin mai duba kaya a tasha bai kai kuɗin man jirgin yaƙi na kwana ɗaya ba.

Game da katin Turai, ba hukunci ba ne a ma'anar shari'a, sharaɗin mai saye ne. Dokarsu ta 2008, wadda ta fara aiki a farkon 2010, ta ce kifin teku ba zai shiga kasuwarsu ba sai da takardar shaidar kamu daga ƙasar mai tuta. Kati mai ruwan ɗorawa gargaɗi ne kawai, ciniki yana ci gaba. Jan kati ne ke rufe ƙofa. Gini ta sha jan kati a 2013 har zuwa 2016, Kamaru ta sha nata a watan Janairun 2023. Abin da Gana ke tsoro shi ne masana'antun gwangwanin tuna na Tema, waɗanda Turai ce babbar kasuwarsu.

Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, Legas, ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in tsaya a kan batun tuta, domin wanda bai yi aiki a teku ba da wuya ya gane sauƙin sauya ta. Suna fenti ne a jikin jirgi, tuta kuma ƙyalle ce a cikin akwati, rajista kuwa a wasu ƙasashen dillali ne ke kammala ta ba tare da wani jami'i ya taɓa ganin jirgin da idonsa ba. Laifin da aka ɗora wa Kamaru ke nan: tana yi wa jiragen kamun kifi rajista, har da waɗanda sunansu ya riga ya ɓaci, alhali ba ta bibiyar abin da suke yi a ruwan wasu.

Mu ma a Najeriya mun ji kunya a kan jirgin Thunder. Jirgi ne da ya yi shekaru yana satar wani kifi mai tsada a ruwan ƙanƙara na kusa da Antaktika, yankin da hukumar CCAMLR ke kula da shi, kuma Interpol ta ba da sanarwa a kansa tun 2013, amma tutar Najeriya yake ɗauke da ita. A watan Disambar 2014 jirgin wata ƙungiya mai zaman kanta, Sea Shepherd, ya same shi yana su, ya bi shi kwana 110, tafiyar da ta haura mil dubu goma, wani jirginsu kuma ya tsaya ya janye komar da ya bari mai tsawon kilomita 72. Ana cikin wannan bin ne Najeriya ta soke rajistarsa. Ranar 6 ga Afrilun 2015 ya nutse kusa da Sawo Tome da Firinsife, waɗanda suke binsa kuma su ne suka ceto mutum 40 da ke cikinsa.

Abin lura a nan, Alhaji, shi ne hukuncin. Kotun Sawo Tome ta ɗaure kyaftin ɗin, ɗan ƙasar Cile, da injiniyoyi biyu 'yan Sifaniya kusan shekara uku-uku, tare da tarar yuro miliyan 15, amma a kan takardun jabu da gurɓata ruwa da ganganci, domin satar kifin ba a ruwanta aka yi ba. Kwanaki huɗu kafin nutsewar, kotun Hambug ta ba da fatawa, bisa roƙon hukumar kamun kifi ta yankin Yammacin Afirka mai hedikwata a Dakar, cewa wajibi ne ƙasa mai tuta ta yi bakin ƙoƙarinta wajen hana jiragenta satar kifi a ruwan wasu. Fatawar tana da nauyi, sai dai ba na jin ta hana wani dillali barci.

Hajiya mai binciken harkar su ta amsa:

Ina da ja a kan inda aka karkata maganar. Malam da Baba na Legas duk sun nufi tsakiyar teku da jiragen waje, alhali shawar da Alhaji yake kuka a kanta ba a mil 200 ake cinye ta ba, a kusa da gida ne, kuma jiragen jan komar da ke cin ta tutar Gana suke ɗauke da ita. Dokar kamun kifi ta Gana ta 2002 ta keɓe irin waɗannan jirage ga 'yan ƙasa, amma binciken da ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta wallafa a 2018 ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna da alaƙa da masu jari daga Sin, ɗan ƙasa kuma sunansa ne kawai a takarda. A irin wannan hali mai ruwa da mai tuta da mai tasha duk gwamnati ɗaya ce, babu wata ƙasar da za a ɗora wa laifin.

Alhaji ya fi ni sanin saiko, wato jirgin jan koma ya kama ƙananan kifayen da ba su aka ba shi lasisi ba, ya daskarar da su faifai-faifai, ya sayar wa manyan kwale-kwale a cikin teku su sauke a Elmina. An ƙiyasta abin da aka sauke ta wannan hanya a 2017 ya kai tan dubu 100. Dokar ta tanadi tara mai tsanani. A 2019 an ci wani jirgi tarar dala miliyan ɗaya, bai biya ba, ya koma teku, aka sake kama shi a 2020. Ga kuma jami'an sa ido da ake ɗorawa a jirage, mutum ɗaya tilo a tsakiyar ma'aikatan da yake rubuta laifinsu. Emmanuel Essien, ɗaya daga cikinsu, ya ɓace daga jirgin da yake aiki a watan Yulin 2019.

Rufe teku na ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne gare mu Hausawa. A Argungu ana kulle Matan Fada sai ranar gasar su, kuma yana kulluwa ne saboda Sarkin Ruwa yana nan kusa, ya san kowane masunci da gidansu. Masu kwale-kwalen Gana sun haƙura da wata guda, jiragen jan koma wata biyu, amma idan aka buɗe sannan aka bar jirgi ya kwashe 'ya'yan kifin da aka yi haƙurin dominsu, ba zan ga laifin masuncin da ya ce an cuce shi ba.

Ɗan Zangon Ashaiman ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, domin ni kaina na taɓa sayen irin wannan faifan kifin saboda arha, ban tambayi inda ya fito ba. Abin da nake so in sani yanzu, Malam, shi ne ko katin ya motsa gwamnati ta yi wani abu, ko kuwa takarda ce kawai ake ta musanya tsakanin Akara da Burasal, hedikwatar Tarayyar Turai.

Malami mai karantar da doka ya amsa:

Alhaji, na karɓi gyaran Hajiya, domin gaskiya ta faɗa. Akwai motsi a ɓangaren doka. A 2025 Gana ta yi sabuwar dokar kamun kifi wadda ta faɗaɗa yankin da aka keɓe wa masu kwale-kwale daga mil 6 zuwa mil 12. Kwaddibuwa ma ta fara rufe nata ruwan a 2023, wanda ke da muhimmanci tun da shawa ba ta san iyaka ba, kuma ƙasashen biyu suna zama tare da Najeriya da Binin da Togo da Laberiya a kwamitin kamun kifi na yankin, FCWC, wanda ofishinsa yake nan Tema kusa da kai. A matakin duniya, yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta 2022, wadda aka cimma a zamanin Ngozi Okonjo-Iweala, ta fara aiki a watan Satumbar 2025, kuma ta haramta wa gwamnati ba da tallafi ga jirgin da aka tabbatar yana satar kifi. Sai dai kalmar "tabbatar" ce gaɓar: sai ƙasa mai ruwa ko mai tuta ko hukumar yanki ta yanke cewa jirgin ya yi laifi kafin haramcin ya hau kansa, ka ga an dawo kan teburin jami'in da Hajiya take magana.

Idan kana so ka auna da kanka, kai da ƙungiyar 'yan kasuwarku kuna iya rubuta wa Hukumar Kamun Kifi ta Gana ku nemi abu uku: jerin jiragen jan komar da ke da lasisi a bana, sunayen waɗanda aka ci tara, da adadin abin da aka biya a kowace tara. Ku kwatanta jerin farko da na biyu, ku ga ko akwai jirgin da ake binsa bashin tara amma yana cikin masu lasisi.