Neman shawara: takarda ta ce kiɗan na farin ciki ne, kunnena ya ce a'a

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun injiniya a waje, sai aka tilasta mana ɗaukar darasi ɗaya da ba na fanninmu ba, na zaɓi na sauraron kiɗa don na zaci hutu ne. To ga shi an ba mu aiki: kowa ya ɗauki kiɗan gargajiyar Turai na 'yan makaɗa kaɗan, ya rubuta shafi biyu a kan saurinsa, gidan sautinsa da yanayinsa. Ni na samu na wani marubucin kiɗa mai suna Dvořák, kiɗansa mai lamba 12, wanda ake yi wa laƙabi da "na Amurka". Mutum huɗu ne ke kaɗawa: goge biyu irin na Turawa, biyola ɗaya (goge ce da ta ɗan fi su girma), da celo, wato babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi.

Matsalata ita ce an rubuta F mejo a jikinsa a matsayin gidan sautinsa, kuma malamarmu ta ce gidan mejo yakan zo da walwala, na maino kuma da baƙin ciki. Kiɗan kashi huɗu ne, amma kashi na biyu, wanda na fi so, duk lokacin da na saka sai zuciyata ta karye, gida nake tunawa. Sannan na saurari ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta riga ɗaya gamawa da kusan minti guda. Wa ya yi kuskure a ciki? Litinin zan miƙa.

Malam Mai Piyano:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, kunnenka lafiyarsa ƙalau. F mejon da ke jikin sunan na kashin farko ne da na uku da na ƙarshe. Kashi na biyun da ya kama ka yana D maino. Gidajen biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, sautuka bakwai iri ɗaya suke amfani da su, har alamar da ake sawa a farkon layi ɗaya ce. Bambancin kawai inda kiɗan yake komawa ya huta: ɗaya a F, ɗaya a D. Kamar gida ɗaya ne, wani ya shigo ta zaure da hantsi, wani ya shigo ta ƙofar baya da magariba.

Batun sauri kuwa, kalmar da ke saman kashin ita ce Lento, da Italiyanci, ma'anarta a hankali. Kowace ƙungiya da yadda take fahimtar "a hankali", shi ya sa tsawon ya bambanta, ba wanda ya yi laifi. Awonsa 6/8 ne. Kada ka ƙirga shida a jere, ka ƙirga biyu manya, kowanne da uku a cikinsa, za ka ji yana lilo kamar ana jijjiga yaro a goye. Wanda ya ja shi da yawa lilon yakan mutu, ya zama kuka zalla. Ni dai na fi son masu ɗan motsa shi.

Yar Damagaram:
Yaya, ka ce gida kake tunawa, to da dalili. Saurari farkon kashi na ɗaya, inda biyola ta fara waƙar. Sautuka biyar kacal ta taka: F, G, A, C, D. Yawancin waƙoƙinmu na Hausa a kan sautuka biyar suke tafiya, don haka kunnenka bai ji shi baƙo ba. Ba wai daga wurinmu ya ɗauka ba fa, kada ka rubuta haka malama ta ja maka jan biro. Mutanen duniya da yawa suna da wannan tsarin.

Shi kansa mai kiɗan baƙo ne lokacin da ya rubuta. Ɗan ƙasar Cek ne, aka ɗauko shi a 1892 ya shugabanci wata makarantar kiɗa a birnin New York. A bazarar 1893 ya tafi hutu wani ƙaramin gari, Spillville, a jihar Iowa, inda 'yan ƙasarsu suka yi zango, yana jin yarensu a titi. A can ya rubuta shi a watan Yuni cikin mako biyu da 'yan kwanaki. An fara kaɗa shi a bainar jama'a a Boston ranar 1 ga Janairu 1894.

Baban Iklima:
Ni ban yarda da zancen mejo farin ciki, maino baƙin ciki ba. Karatun 'yan aji ɗaya ne, kamar a ce duk mai dariya yana cikin daɗi. Ɗana, idan ka rubuta "kashi na biyu na baƙin ciki ne saboda maino" to ka kwafi allo ne. Faɗi abin da ka ji da inda ka ji shi. Gogen farko ne ke fara waƙar, can celo ya karɓe ta da siririyar murya a sama, inda ba gidansa ba, kamar dattijo yana waƙar ƙuruciyarsa. A ƙarshe celon ya sake ɗaukarta shi kaɗai, sauran suna tsinkar tsirkiya da yatsa jefi-jefi, har komai ya lafa. Wannan kewa ce, ba makoki ba. Kewa da makoki ba ɗaya ba ne, kai da kake ƙasar sanyi ka fi ni sani.

Malam Mai Piyano:
Baba ya yi gaskiya, sai dai a jarrabawa a fara ba malama abin da ta tambaya. Rubuta kalmomin saurin da ke saman kashi huɗun: Allegro ma non troppo, Lento, Molto vivace, sai Vivace ma non troppo. Wannan "ma non troppo" na nufin amma ba da yawa ba, wato a yi sauri kada a zarce. Bayan nan sai ka kawo naka ra'ayin.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na sake saurara yanzu ina ƙirga biyu-biyu da ƙafa, wallahi lilon ya fito. Tambaya ɗaya ta rage: wace kalmar Turanci zan sa a madadin "kewa"? Duk waɗanda ƙamus ya ba ni ba su kai ba.

Baban Iklima:
Rubuta "kewa" yadda take, ka yi mata bayani a layi biyu. Ai su ma Lento ba su fassara mana ba.