Neman kalma: me za mu kira buffer overflow?

Malam Habu, Agege: Salamu alaikum. Gobe Asabar ina da darasin tsaron intanet da matasan unguwarmu, kuma da Hausa nake koyarwa. Manhajar uwar garke (wato babbar kwamfutar da ke amsa buƙatun sauran kwamfutoci a intanet) kan ware ɗan wuri mai iyaka don saƙon da ya shigo, sai mahari ya turo abin da ya fi wurin, rarar ta hau kan abin da ke kusa a ƙwaƙwalwar na'ura. Misalina Code Red ne, tsutsar (wato muguwar manhaja mai yaɗa kanta) da ta shiga IIS, manhajar uwar garke ta Microsoft, a Yulin 2001 da dogon jerin harafin N. Ku taimaka da suna.

Hajiya Rabi, Idi-Araba: Ambaliyar ma'ajiya. Duk wanda ya ga damina a Legas zai gane.

Injiniya Sabo, Ikeja: Hajiya, ambaliya za ta sa su ɗauka harin nan ne na cunkoson saƙonni har uwar garke ta durƙushe. Nan saƙo ɗaya tak ya isa. Ni malala na zaɓa, domin ɓarnar tana inda rarar ta sauka: ta shafe adireshin da manhajar za ta koma, sai ta bi umarnin maharin. Harshen C, da ake rubuta manhaja da shi, ba ya duba iyaka da kansa, shi ya sa tun tsutsar Morris ta 1988 ake fama.

Baba Ɗanladi, Alaba Rago: Ma'ajiya ai ta dindindin ce. Wurin da kaya ke yada zango kafin su wuce, zango ne. Tumbatsar zango. Kuma adireshi ba Hausa ba ce, Injiniya.

Injiniya Sabo: Baba, mudu kan tumbatsa ba tare da ƙwaya ta zube ba.

Baba Ɗanladi: Ku da kuka tashi a Ikko za ku koya mini tumbatsa? Kun saba cakuɗa harshe uku a jimla ɗaya.

Hajiya Rabi: Haba Baba. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, kuma Hausarsu Hausa ce. Don su Malam yake wannan wahalar.

Baba Ɗanladi: Ban raina kowa ba, 'yata. Zafina shi ne kullum mu ke aro.

Malam Habu: Allah ya huci zuciyar Baba. Zan ɗauki malalar ma'ajiya, in rubuta na Turancin sau ɗaya a allo saboda jarrabawa da shi za su yi ta.

Baba Ɗanladi: Malala na yarda. Ma'ajiya kuwa ban yarda ba. Ka gwada musu zango gobe, ka dawo ka faɗa mana wanne suka riƙe.